Kazata ta takure ta daina cin abinci: me zan yi mata, kuma yaya zan kare sauran?

Tambayar ta fito ne daga wata mai kiwon kaji takwas a bayan gida. Ta ce ɗaya daga cikin manyan kajinta ta kwana biyu a takure, gashinta ya tashi, fukafukanta sun sauka, ba ta cin komai sai ɗan ruwa, kuma kashinta ya tsinke. Sauran bakwai lafiyarsu lau. Tana son sanin maganin da za ta ba ta, da abin da za ta yi don kada ciwon ya bi sauran.

Malama, babu wanda zai iya faɗa miki sunan magani daga wannan bayanin, kuma duk wanda ya faɗa miki, kirdado kawai yake yi. Takurewa da ƙin abinci da zawo alamu ne da kusan kowane ciwon kaji yake nunawa, tun daga tsutsar ciki har zuwa murar tsuntsaye, kuma maganin wani ba ya yi wa wani komai. Abin da ke hannunki yau shi ne ki riƙe ran kazar, ki bincike ta da kyau, sannan ki juya ga akurkin, domin a mafi yawan lokuta can ne tushen matsalar yake. Ki kuma sani cewa ciwon ya girmi kwana biyun da kika lura da shi. Kaza tana ɓoye rauninta iyakar ƙarfinta, saboda mai rauni ce shaho yake fara ɗauka, kuma ita ce 'yan'uwanta suke taruwa su tsattsaga. Ranar da ta kasa ɓoyewa, abin ya riga ya ci jikinta, don haka kada ki yi jinkiri.

Ki fara da ware ta. Babban kwali ko keji ya isa, amma a ajiye shi inda ba ta shaƙar iska ɗaya da sauran, a shimfiɗa mata takarda ko tsohon ƙyalle mai haske don ki riƙa ganin kashinta sosai. Zafin jikin kaza mai lafiya yana kusa da digiri 41 a ma'aunin Salsiyas, kuma riƙe wannan zafin yana cin abinci da yawa. Kazar da ta daina ci sai sanyi ya kama ta, shi ya sa kika ga gashinta ya tashi, tana ƙoƙarin tsare ɗumin da ya rage mata. Ki sa ta a wuri mai ɗumi da ɗan duhu, inda iska ba ta bugun ta kai tsaye, idan da sanyi ki naɗe kwalbar ruwan ɗumi da ƙyalle ki ajiye a gefe ɗaya na kwalin, yadda za ta iya matsawa idan ya ishe ta. Amma idan kin ga ta buɗe baki tana haki, ta ɗage fukafukai daga jikinta, to zafi ne ya dame ta, kuma inuwa da ruwa mai sanyi take buƙata, domin kaza ba ta yin gumi. Daga yau ki riƙa gama hidimar masu lafiya kafin ki zo kanta, ki ware mata mazubin ruwa da na abinci, ki wanke hannu da sabulu duk lokacin da kika taɓa ta.

Ruwa ya fi abinci gaggawa. Kaza mai yin ƙwai tana shan kimanin rubu'in lita a rana, fiye da haka idan ana zafi, kuma mai zawo ƙishirwa ce take kashe ta tun kafin yunwa ta yi mata illa. Idan kina da garin bitamin da gishirin jiki da ake yi domin kaji, ki dama mata yadda aka rubuta a jikin leda. Idan babu, ƙaramin cokali na sukari a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta zai taimaka na kwana ɗaya ko biyu. Idan ba ta sha da kanta, ki tsoma bakinta cikin ruwan ki saki, ko ki riƙa ɗiga mata da sirinji marar allura a gefen baki, ɗigo ɗaya bayan ɗaya, kina jira ta haɗiye. Kada ki buɗe bakinta ki ɗura. Ƙofar hanyar numfashinta tana nan a gindin harshe, za ki gan ta tana buɗewa tana rufewa idan kin leƙa, kuma ruwa kaɗan da ya faɗa can ya isa ya kashe kazar da ciwon kansa bai kashe ba. Abinci kuwa, wanda ta saba ci ki jiƙa mata da ruwan ɗumi ya yi laushi, ki ɗan marmasa dafaffen ƙwai a kai.

Binciken da za ki yi mata shi ne abin da zai raba ki da kirdado, kuma lokacinsa mafi kyau shi ne da sassafe kafin ta ci komai. Ki naɗe ta da tawul ki ɗora a cinyarki, amma kada ki matse mata ƙirji, saboda tsuntsu da motsin ƙashin ƙirjinsa yake jan numfashi. Ki fara da zanko. Na kaza mai yin ƙwai ja ne sosai, a cike. Idan ya koɗe ya yi fari, jini ne ya ragu, sai a zargi ƙuma ko tsutsar ciki ko zubar jini a hanji. Idan ya yi duhu kamar shuɗi, iska ba ta isar jininta, wannan kuma lamari ne na gaggawa. Baƙaƙen ƙuraje masu ɓawo a zanko da gefen ido alamar aganar kaji ce, wadda sauro yake yaɗawa. Ki duba ko akwai kumfa a ido, ko majina a hanci, ko kumburi a fuska, ki kuma sunsuna kanta, domin akwai murar kaji da ake ganewa da wari tun kafin a ga wani abu. Ki kara kunnenki a bayanta ki saurara ko numfashin yana gurnani.

Daga nan ki sauko da hannu zuwa gindin wuya ta ɓangaren dama, inda jakar da take tara abinci take. Da yamma ya kamata ki ji ta a cike, da safe kuma babu komai a ciki. Idan da safe kin ji ta da tauri kamar dunƙulen ƙullu, ta toshe, galibi da dogayen ciyayi ko zare ko leda, kuma a wannan hali ruwa za ki ba ta da tausa a hankali sau da yawa a rana, ki dakatar da abinci mai ƙarfi. Idan kuwa ta yi lugub da ruwa, bakinta yana warin tsami, abincin ne ya ruɓe a ciki. Akwai masu juya kaza kai ƙasa don ta amayar, ni kuwa ba na ba da wannan shawarar, domin abin da ya fito yakan koma hanyar numfashi. Ki shafa ƙashin ƙirji: idan ya fito da kaifi, naman gefensa ya zube, to ciwon ya yi makonni yana cin ta. Ki taɓa cikinta tsakanin ƙafafu zuwa dubura. Abu mai tauri mai siffar ƙwai, tare da yunƙuri da tsayuwa a miƙe wutsiya ƙasa, yana nuna ƙwai ne ya maƙale. A zaunar da ita cikin ruwan ɗumi na kamar minti 20, a shafa ɗan mai a duburar, a bar ta a wuri mai duhu, kuma kada a matsa cikin don kada ƙwan ya fashe a ciki. Ciki mai kumburi da ruwa a tsohuwar kaza yawanci ciwon hanyar ƙwai ne ko na zuciya da hanta, wanda ba a warkar da shi a gida. Ki buɗe gashin kewayen dubura da ƙarƙashin fiffike ki nemi ƙwari masu gudu da fararen ƙwayayensu manne a gindin gashi, sannan ki duba ƙafafu, ko ɓawonsu ya ɗaɗɗago, ko tafin ya kumbura da baƙin tabo a tsakiya.

Kashi ma yana da nasa bayanin. Na lafiya yana da ɗan tauri da fari a samansa, kuma wannan farin shi ne fitsarin kaza. Lokaci zuwa lokaci tana yin wani mai laushi, ruwan ƙasa, mai tsananin wari, wanda yake tsorata sababbin masu kiwo alhali lafiya ce. Jini a kashi, musamman a 'yan tsaki masu mako 3 zuwa 6, yana nuna cutar kokisidiya, wato ciwon hanji da wasu ƙananan ƙwayoyin cuta suke haddasawa. Kore mai ruwa yana iya zama na kazar da ta daɗe ba ta ci ba, yana kuma iya zama na annoba. Wani lokaci za ki ga tsutsar kanta, fara, doguwa. Kada kuma ki manta cewa kaza mai kwanci da wadda take zubar da gashi sukan rage ci, su yi jugum, ba tare da wani ciwo ba.

Akwai alamun da idan kin gan su, aikin ya wuce jinyar gida: kaji biyu ko fiye su mutu cikin kwana ɗaya ko biyu, zanko ya yi shuɗi, fuska ta kumbura, wuya ya murɗe, kaza ta riƙa juyi a wuri ɗaya, ko ƙwai ya yanke gaba ɗaya lokaci guda. Waɗannan suna nuni ga cutar Niyukasil, wadda aka fara ganowa a 1926 a tsibirin Java da kuma garin Ingila da ta ci sunansa, ko kuma ga murar tsuntsaye, kuma ido kaɗai ba ya bambanta su sai an yi gwaji. Dukansu bairos ne, babu maganin da yake kashe su a jikin kaza, kuma cututtuka ne da ake sanar da hukumar lafiyar dabbobi. Murar tsuntsaye tana iya kama mutum: a Hong Kong a 1997 mutum 18 suka kamu da nau'in H5N1, shida suka rasu. Saboda haka kazar da ba a san ciwonta ba, ba a yanka ta a ci, ba a sayar da ita, ba a kuma jefar da mushenta inda kare ko tsuntsu zai ja. A sa leda a hannu a ɗauke ta, a binne da zurfi ko a ƙone.

A ganina, babbar kaza guda ɗaya da ta kwana biyu tana ciwo alhali bakwai suna ƙalau ta fi kama da mai matsalar kanta, wato hanyar ƙwai, ko toshewar jakar abinci, ko ƙwari da tsutsa, fiye da annoba. Duk da haka ki sa wa sauran ido har mako biyu, domin cutar Niyukasil tana iya ɗaukar kwana 2 zuwa 15 kafin ta bayyana. Abin da nake roƙon ki guje masa shi ne zuba maganin antibayotik a ruwan dukan kajin da sunan rigakafi, ko fasa kafso na mutane a ba kaza. Antibayotik bakteriya kawai yake kashewa. Ba ya taɓa bairos, ba ya fitar da tsutsa, ba ya buɗe abin da ya toshe. Kokisidiya tana da nata magani, kamar amprolium. Tsutsar ciki tana da nata, kamar fenbendazole ko levamisole. Idan likitan dabbobi ya rubuta magani, a ba da shi daidai gwargwado har kwanakin su cika, a kuma kiyaye wa'adin da aka rubuta na daina cin ƙwai da nama, domin ragowar maganin yana sauka a cikinsu. Kai wa likita sabon kashi a leda mai tsabta yakan warware a cikin mintuna abin da za a yi mako ana lalube. Idan kuma kaza ta kai ga ba ta tsayuwa, ba ta haɗiyar ruwa, kwanaki suna wucewa babu sauƙi, kawo ƙarshen wahalarta cikin gaggawa ya fi tausayi.

Yanzu sai akurki, inda nake so ki fi ba da ƙarfi, domin jinyar kaza ɗaya ba ta da amfani idan za ta koma ɗakin da ya sa mata ciwon. Abu biyu ne suke riƙe lafiyar akurki fiye da kowane feshi: bushewa da iska. Gobe da safe, kafin ki buɗe wa kajin, ki durƙusa ki kai fuskarki daidai tsayin kansu ki shaƙa. Idan zarni ya bugi hancinki ko idonki ya yi yaji, to haka suka kwana suna shaƙa. Wannan zarnin iskar amoniya ce da take tashi daga jiƙaƙƙen kashi, kuma masu kiwo na zamani suna ƙoƙarin kada ta wuce kashi 25 cikin miliyan na iskar ɗaki, saboda tana lalata 'yan siraran gashin da suke share ƙura da ƙwayoyin cuta daga hanyar numfashi. Kajin da suke yawan mura, sau da yawa ba sabon magani suke nema ba, taga suke nema. A buɗe kafofin iska a sama, kusa da rufi, sama da inda kajin suke kwana, yadda danshi zai fita ba tare da iska ta bugi jikinsu ba, a kuma rufe kafofin da waya mai ƙananan ido saboda ɓeraye da tsuntsayen waje.

Shimfiɗar ƙasa, ko dusar katako ce ko ɓuntun hatsi, ki damƙi ɗan kaɗan a hannu ki matse. Idan ta warware da kin saki, tana da kyau. Idan ta dunƙule ta manne, ta jiƙe, sai a kwashe. Dalilin nacewa a kan wannan shi ne ƙwayayen kokisidiya da suke fita cikin kashi ba sa iya kama wata kaza nan take, sai sun sami danshi da ɗumi na kwana ɗaya zuwa biyu, kuma yawancin magungunan feshi ba sa kashe su. Busasshiyar ƙasa ce take yanke musu hanya. Wurin da ya fi jiƙewa kullum shi ne ƙarƙashin mazubin ruwa, don haka a ɗaga shi daidai tsayin bayan kaza, a wanke shi kowace rana har santsin da yake taruwa a ciki ya fita. Kashin da ya taru ƙarƙashin sandar kwana a riƙa kwashe shi a kai a kai, tunda a nan suke zubar da kaso mai yawa cikin dare. Cunkoso yana ɓata duk wannan ƙoƙarin: kada su wuce uku a murabba'in mita ɗaya na cikin akurki, kowace kuma ta sami kamar santimita 25 a kan sanda.

Akwai maƙiyin da ba za ki gan shi da rana ba, wato jar ƙuma. Ba ta zama a jikin kaza; tana ɓuya a tsagar katako da mahaɗar sanduna, sai dare ya yi ta fito ta sha jini ta koma. Shi ya sa mutum zai duba kazarsa da rana bai ga komai ba, alhali zankonta yana ta koɗewa, ƙwai yana raguwa, kajin kuma sun fara ƙin shiga akurki da yamma. Bayan duhu ya yi sosai, ki shiga da tocila da farin ƙyalle, ki goga ƙarƙashin sandar kwana tun daga wannan kai zuwa wancan. Idan ƙyallen ya fito da jajayen layuka, jinin kajinki ne. A bakin tsagogi kuma za ki ga wani gari mai launin toka, wanda shi ne kashin ƙumar da saɓarta. Tana kammala rayuwarta daga ƙwai zuwa babba cikin kusan mako guda, kuma tana iya yin watanni babu abinci, don haka barin akurki babu kaji na ɗan lokaci ba ya kawar da ita, feshi sau ɗaya ma bai isa ba. Sai an ciro sanduna da akwatunan ƙwai, an kankare, an kwarara ruwan zafi da sabulu a tsagogi, an toshe su, sannan a maimaita bayan mako guda don a sami waɗanda suka ƙyanƙyashe daga baya. A tanadar wa kajin busasshen yashi da tokar itace a wurin da ruwan sama ba ya kaiwa, su riƙa birgima. Kada a fesa musu maganin ƙwarin gona ko na kare. A 2017 an janye miliyoyin ƙwai daga kasuwannin Turai saboda an yi amfani da wani maganin ƙwari mai suna fipronil wajen yaƙar wannan ƙumar a gonakin Holan da Beljiyom, kuma sinadarin ya sauka cikin ƙwan.

Idan za ki yi babbar shara, wadda ta wajaba yanzu tunda an sami marar lafiya, tsarin aikin yana da muhimmanci. A fitar da kaji, a kwashe shimfiɗa duka, a kankare busasshen kashi, a wanke da sabulu, a bari ya bushe, sannan a sa maganin kashe ƙwayoyin cuta, a sake bari ya bushe kafin a zuba sabuwar shimfiɗa. Maganin da aka zuba a kan datti asara ce, domin kashi yana kashe ƙarfinsa. Duk abin da za a iya fitarwa a shanya a rana, a fitar. Abinci kuma a ajiye shi a mazubi mai murfi, a wuri busasshe, kuma wanda ya yi fumfuna ko ya dunƙule a zubar da shi ba tare da jin asara ba. Gubar fumfuna mai suna afalatoksin an gano ta ne bayan da ta kashe talotalo sama da 100,000 a Ingila a 1960, kuma ko kaɗan ce tana lalata hanta ta raunana garkuwar jiki.

Hanyar da cuta ta fi shigowa ita ce sabuwar kaza. Duk wadda aka kawo, komai kyawunta, ta yi kwana 30 a ware kafin ta haɗu da na gida, saboda akwai cututtukan numfashi irin su maikofilazma da kaza take warkewa amma ta ci gaba da ɗauke da su iya rayuwarta. Rigakafin Niyukasil shi ne wanda bai kamata mai kiwon gida ya bari ya wuce shi ba. Akwai nau'in I-2 da aka samar a Ostireliya, wanda yake jure zafi fiye da sauran, ana ɗiga shi a ido, ana maimaitawa duk bayan wata 3 zuwa 4. Na cutar Marek, mai shanye ƙafafun kaji, ana yin sa ranar ƙyanƙyasa, na cutar Gumboro, mai raunana garkuwar jikin 'yan tsaki, a makonnin farko. Masu lafiya kaɗai ake yi wa rigakafi, don haka wadda take jinya a bar ta sai ta murmure.

Idan ta koma cin abinci da kanta, kashinta ya daidaita, ta kuma yi kamar mako guda babu wata alama, kada ki sake ta cikin sauran kai tsaye, domin za su ɗauke ta baƙuwa su far mata. Ki ajiye kejinta inda za su riƙa ganin juna ta bayan waya na kwana biyu ko uku, sannan ki ɗora ta a kan sandar kwana da dare, ki ƙara mazubin abinci da na ruwa na biyu a wani gefe don kada a hana ta ci, ki kuma riƙa taɓa jakar abincinta da yamma na 'yan kwanaki don ki tabbatar tana kwana da ita a cike.